Tsatsa a Idon Sarkin Maƙera

Ku samarin garin nan, duk ranar kasuwar Ɗambatta idan kun sauko daga mota sai kun tsaya a bakin rumfarmu kun sha inuwa, kuma a nan nake jin ra'ayinku game da ƙira. Wai ai ba wani abu ba ne, ka sa ƙarfe a wuta, ya yi ja, ka doke shi. Wasunku har waya suke nuna mini, ga wani can a wata ƙasa ya ƙera wuƙa kafin shayi ya huce. Yanzu kuma na ji kuna shirin haɗa kai ku buɗe shagon walda a Rijiyar Zaki, inda ake ta gini ana neman ƙofa da taga. Allah ya sa albarka, ni ba na hana kowa nema. Amma tunda kun tambaye ni kayan aikin da ya fi muhimmanci, to ku gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo.

Ni ne Haladu. Ni da yayana Sabo muka gaji rumfar nan daga Baba. Yaya Sabo ne Sarkin Maƙeran garinmu, duk rigimar da ta tashi tsakanin maƙeri da manomi gabansa ake kawo ta. A wurin aiki shi ke riƙe awartaki yana juya ƙarfe a kan uwar maƙera, ni kuma ina dukan inda ya nuna. Tun ina ƙarami haka muke, har gemuna ya yi fari ban canza matsayi ba.

Zuga aka fara ba ni, lokacin ban kai ɗaga masaba ba. Zuga-zugin Baba na fatar akuya ne guda biyu, ka danna wannan ka ɗaga wancan, iska ta bi ta bakin yumɓu ta shiga cikin gawayi. Ka yi gaggawa ƙarfe ya ƙone ya dinga tartsatsi, ka yi sanyin jiki Baba ya dungure maka kai. Yanzu ƙafar keke muka haɗa da fanka, da hannu ɗaya ma sai ka hura wuta. Amma har gobe ina gane wanda ya koyi zuga a fata, don wutarsa ba ta yin fushi ta lafa, daidai take tafiya.

Masabata ita ce abin da na fi so a cikin ƙarafan rumfar nan. Baba ne ya ƙera ta daga guntun ƙarfen wata tsohuwar babbar mota, ƙotarta ta icen marke, kuma na sake mata ƙota ban san adadi ba. Kullum da safe kafin in yi bugun farko sai na riƙe kanta na girgiza. Idan na ji ko ɗan motsi, ba aiki sai an gyara. Akwai wani maƙeri a ƙauyen gabas da mu, shi idan kan masabarsa ya fara rawa sai ya tsoma ta a ruwa, icen ya kumbura ya kama, ya ci gaba da aiki. Wata rana da bazara icen ya bushe yana tsakar duka, kan masabar ya fice, ya wuce ta saman kafaɗar mai jiran aiki, ya sauka cikin ƙwaryar wata mai fura. Matar ta zo gaban Baba, lokacin shi ne Sarkin Maƙera, jikinta duk nono. Ta ce ita ba ta ƙwaryar take ba, so take a gaya mata idan an fara yaƙi ne ba a sanar da mata ba. An yi dariya, amma Baba bai yi ba, don ya auna da ido inda kanta yake da inda ƙwaryar take.

Awartaki kuwa, kowane ƙarfe da nasa. Mai riƙe faffaɗa daban, mai riƙe zagayayye daban. Ka kama bakin gatari da awartakin da bai zauna masa ba, bugu ɗaya zai yi tsalle ya faɗo maka a cinya. Shi ya sa a gidanmu ba a cewa ka iya ƙira sai ka ƙera awartakinka da kanka, ka riƙe jan ƙarfe da shi an doka bai suɓuce ba. Haka kurfi, abin da muke yanka ƙarfe da shi. Idan kansa ya baje saboda duka, a goge bajewar nan tun kafin ta fara ɓallewa tana tashi.

Sai baƙin ƙarfe. Jan ƙarfe kowa yana ganinsa ya kauce, wanda ya koma baƙi alhali da sauran zafinsa shi ke cin mutane. Muna da wuri a hagun uwar maƙera, kan yashi, duk abin da ya fito daga wuta can ake ajiye shi. Malam Ɗanlami, manomin da gonarsa ke bayan makabarta, ya taɓa kawo fartanya a koɗa masa. Yana hango ta a kan yashi ya ce ai tasa ce, ya kai hannu kafin in buɗe baki. Mutumin da ke kukan ciwon gwiwa, ran nan sai da ya tsallake kaskon ruwanmu. Tun daga lokacin, ko goro ka miƙa masa a rumfar nan sai ya fara kara bayan hannunsa ya ji.

Duk waɗannan ana sayensu ko a ƙera su. Abin da ya riƙe rumfarmu, wanda manoma suke tahowa dominsa tun daga wajen Minjibir suna wuce maƙera da yawa a hanya, shi ne idon Yaya Sabo. Guda ɗaya ne kuma, na hagu. Na dama ƙyanda ta dusashe shi tun yana goye, haske da duhu kawai yake rabewa da shi.

Ga amfanin idon. Idan an gama ƙera bakin garma ko lauje daga sifirin ɗin mota, sai an ba shi ruwa, wato a mayar da shi wuta ya ɗauki zafi, a tsoma bakin a kasko don ya yi ƙarfi. Ka tsoma shi yana ja mai haske, zai yi tauri ya wuce kima, ya ci karo da dutse ya karye. Ka bari ya yi duhu sosai, zai fito da laushi, kwana kaɗan ya lanƙwashe. Tsakanin biyun akwai wani ja mai kama da hantar rago, ba ya daɗewa, kuma babu injin da ke gaya maka ya zo. Yaya yakan ja ƙarfen zuwa lungun rumfa inda rana ba ta kaiwa, ya karkata kai, ya zuba masa idon nan, sai ka ji cuu. Wannan aikin bai taɓa ba ni shi ba. Ni ma ban taɓa nema ba, don manomi ba ya son a koyi aiki a kan garmarsa.

To, mu maƙeran gado muna da wata magana, cewa wuta ba ta cin mu. Tun muna jarirai ake ba mu maganinta a kunu, kuma idan ana bikin ɗan maƙeri za ku ga dattawa suna wasa da garwashi, suna shafa jan ƙarfe a hannu. Ni ma na sha maganin, ga kuma tabon ƙuna nan a hannuwana kamar zanen atamfa, saboda haka ba zan ce komai ba. Yaya Sabo kuwa ya riƙe maganar nan da gaske. Tartsatsi ya faɗa masa a wuya ba zai ko kaɗe ba idan akwai baƙo a rumfa. A ganinsa maƙerin da ya kare fuskarsa daga tartsatsi ya zubar da mutuncin kakanninsa.

Alhaji Modu ne ya kawo mana giranda, injin nan mai dutse da ke yanka ƙarfe yana goge shi. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Ɗambatta aka haife shi, tsofaffin ƙarafa yake sayarwa, kuma tun suna samari yake tsokanar Yaya. Ya nuna mana komai. Kada a cire murfin da ke kare dutsen. Kada a ɗaura dutsen da ya tsage. A zare waya kafin a canza shi. Janareta a waje, kada hayaƙi ya taru a rumfa. Banda riga mai faɗin hannu, banda yadin roba mai narkewa a jiki. Yaya ya yarda da duk wannan, don ya ga hankali a ciki. Sai Alhaji ya fito da farin tabarau guda biyu masu rufin gefe.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Yaya.

"Na ido ne, Sarki. Tartsatsin injin nan ba irin na gawayi ba ne."

"Modu, ni za ka koya wa tartsatsi? Kai da ko murhun shayi sai an hura maka?"

"Ni dai na kawo. In da ina da ido ɗaya tak, da ko tuwo zan ci sai na sa."

Yaya ya rataye nasa a ƙusa, a nan ya zauna har zanzaro ya yi gini a jikinsa. Ni kuwa tsorona a fili yake, na sa nawa. Ya laƙaba mini direban jirgi, sunan ya bi ni har masallaci.

Girandar ta yi mana daɗi, ba zan ɓoye ba. Aikin da magagari ke cinye mana wuni, kafin azahar mun gama. Muka yi damina biyu ko uku lafiya lau, kullum Yaya yana tsaye cikin tartsatsi yana ƙanƙance ido, mutane suna kallo suna cewa gado ba wasa ba.

Sai shekarar da ruwa ya yi mana gardama. An yi ruwan shuka, kowa ya shuka gero, sannan sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone a rami. Muka zauna a rumfa ba mai kawo ko lauje, muna ƙera murhu da wuƙaƙen da ba mai tambaya, muna sauraron manoma suna lissafin hadarin da ya taso ya watse. Da ruwan ya dawo kuwa sai ya dawo gaba ɗaya, lokaci ya ƙure, kowa yana son ya sake shuka ya yi huɗa a mako guda. Garmunan shanu suka yi layi daga bakin rumfa har gindin tsamiya. Wanda bakinsa ya cinye, wanda ya karye, kowa kuma yana tsaye a kanka yana cewa shanunsa na can a ɗaure suna jira. Ba mu taɓa aiki da sauri irin na lokacin ba.

A cikin wannan rububin ne, wata ranar Talata da hantsi, Yaya yana goge bakin garma na ga ya ɗan ja kai baya. Ya kashe injin, ya murza ido da bayan hannu.

"Yaya, lafiya?"

"Haki ne. Kawo na gaba."

Washegari idon ya yi ja yana zubar da ruwa. Ya ce hayaƙin gawayi ne, ɗanye aka kawo mana. Kwana ya ƙara, ya zo da rawani ya sauko da shi har gira, ya ce sanyin damina ne. Na ce mu je a duba, ya ce in kula da masabata. Na san abin da ke ransa. Idan aka ji Sarkin Maƙera ya tafi asibiti saboda tartsatsi, maganar za ta riga shi dawowa gida. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ina ganin yana laluben awartakin da ke gabansa, amma ban saba yi masa musu ba.

Malam Ɗanlami ne ya tona asirin ba da niyya ba. Ya shigo da bakin garma a hannu, ya karye gida biyu, wanda muka ba shi kwana biyu da suka wuce. Bai yi faɗa ba, ya ajiye a gaban Yaya.

"Sarki, kunya ɗaya na yi da shi. Ko dutse ban taɓa ba."

Yaya ya ɗauki guntayen ya kai su dab da fuska, ya juya, ya sake juyawa. Sai na ga ya bar kallo ya koma shafa karayar da yatsa. Tunda nake ban taɓa ganin aikin da ya ba ruwa ya dawo a karye ba. Ya ce a ba Malam Ɗanlami wani, sannan ya ce da ni a hankali, "Kira mini Iya Tabawa."

Iya Tabawa tsohuwa ce a unguwarmu, ita ke cire wa mutane haki da harshe, ƙaiƙayi ko yashi ko ƙwaro. Ta girmi Baba ma, don haka ba ta san wani Sarki ba. Ta kama kansa ta juya shi wajen haske, ta buɗe idon da yatsu, ta daɗe tana dubawa. Ba ta ko kai baki ba ta sake shi.

"Sabo, wannan ba nawa ba ne. Abin ya kafe a tsakiyar baƙin, ina ganinsa. In na taɓa zan ƙarasa maka shi."

"Iya, ko ɗan kwalli ne a sa?"

"Ka sa kwalli ka yi wa wa ado? Na ɗauke ka a hannu lokacin da ƙyanda ta ci wancan. Uwarka ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ka tashi ka tafi birni yau, ko in bi ka da muciya har tasha."

Ya tashi. Alhaji Modu ya ji labari ya zo da motarsa, kuma abin mamaki, tun daga garinmu har Kano bai tsokane shi ko sau ɗaya ba. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro.

A asibitin ido wata likita ce ta gan shi, yarinya ce a kanmu amma hannunta ba ya rawa. Ta ɗiga masa magani, ta sa ya ɗora haɓa a kan wani inji, ta leƙa.

"Baba, yaushe abin nan ya shiga?"

"Bai daɗe ba."

"Ya daɗe. Ƙarfe ne, har ya yi tsatsa, tsatsar ta zagaye shi."

"Tsatsa?" in ji Yaya. "A idona?"

Na rantse allurar da ta ɗauko ba ta dame shi kamar kalmar nan ba. Mutumin da ko ƙusa ya gani ta yi ja a rumfa sai ya tambayi wanda ya bar ta. Alhaji Modu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Ta cire ƙarfen, ta kankare tsatsar, ta nuna mana shi a kan auduga, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ce da ranar da ya shiga ya zo, ba tare da ya murza ba, da an ɗauke shi ba alama. Yanzu idon ya tsira, amma tabo zai zauna a tsakiya, kuma da ya ƙara kwana kaɗan da sai dai a ja shi da sanda. Yaya ya ce, "Likita, tambaya ɗaya. Ƙuna ce?"

"Ba ƙuna ba ce, Baba. Ƙarfe ne ya sare ka."

Ya juyo da bandeji a fuska yana neman inda nake. "Haladu, ka ji da kunnenka. Wuta ba ta ci ni ba."

Da wannan ya dawo gida da mutuncinsa. Ya tara maƙeran yankinmu ya ce kakanni sun ba mu maganin wuta, amma ba su san giranda ba, don haka ba su bar mana maganinta ba sai tabarau. Duk wanda aka kama yana goge ƙarfe ko yana saran kurfi da ido tsirara, shi da kansa zai zo ya ɗauke injin. Mutanen da suka shekara suna kirana direban jirgi suka bi layi wajen Alhaji Modu. Shi kuwa Alhaji ya rama shirunsa na mota, har yau idan ya zo sai ya tambaya ko a kawo wa Sarki ɗan baƙin mai ya ɗiga kada tsatsa ta sake kamawa.

Lokacin girbi ya matso kafin likita ta yarda ya koma bakin wuta. Ranar ya zo da sassafe, ya kaɗe ginin zanzaro daga tabaransa, ya wanke ya sa. Magirbi muka ƙera, hannunsa yana nan yadda yake, ko kuskure babu. Da aka zo ba shi ruwa ya ja shi lungu, ya karkata kai kamar kullum. Ina tsaye ina ganin jan ya sauko, ya zo daidai, ya wuce, Yaya bai motsa ba. Ya mayar da shi wuta. Ya sake fitowa da shi, ya sake tsayawa har ya yi baƙi. Tausayinsa ya kama ni, na sunkuyar da kai ina gyara gawayin da ba ya bukatar gyara.

Ya mayar da shi wuta, ya yi magana bai waiwayo ba.

"Haladu, ajiye masabar nan. Zo ka tsaya ta kafaɗata. Idan ya yi, ka ce."

Na zo na tsaya. Ya fito da shi. Jan ya fara sauka.

"Yanzu, Yaya."

Cuu. Ya ɗaga shi, ya bari ya huce, ya ɗauki magagari ya goga a bakin. Magagarin ya zame bai kama ba. Ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera ya kasa kunne.

"Ka yi saurin baki kaɗan," in ji shi. "Amma zai yi girbi. Kawo na gaba."

Idan kun leƙo rumfar nan kuka ga tsofaffi biyu sun haɗa kai a lungu a kan ƙarfe ɗaya, ba hira muke ba. Yana gane fuskar kowa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana ganin kuskurena tun daga nesa. Jan nan ne kawai bai ƙara gani ba.